Yadda Ake Juyen Baƙin Mai da Kiyaye Kaskon Injin Mota a Ƙasar Arewa

Tun daga shekarar 1906, sa'ad da Turawan Faransa suka ɗauke mazaunin mulkin Arewa daga Matankari suka mai da shi Dogon Dutsi, al'amuran ciniki da na sana'a suka yi ta karkata can, har ya zamana yau babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai, ta ratsa Doso, ta nufi Birnin Ƙonni, ta Dutsi take bi, garejoji da masu sayar da kayan mota kuma a bakinta suka tare. Mutumin Matankari da Allah ya hore wa mota, ko da yake tsakaninsa da Dutsi bai kai kilomita 20 ba, galibin zirga-zirgarsa bisa rairayi da burji take, zuwa Bagaji ko Dogon Kiriya ko kasuwannin ƙauye, inda in injin ya tsaya babu bakaniken da zai ji kiransa. Don haka na ga ya wajaba in yi bayanin juyen baƙin mai, wanda direbobinmu ke kira bidanji, domin aiki ne da kowane mai hankali zai iya yi da hannunsa, muddin ya kiyaye tartibinsa, bai yi garaje ba, bai kuma gwada wa ƙarfe ƙarfi ba.

Fa'idar baƙin mai ita ce shiga tsakanin ƙarafan da ke gugar juna, da ɗauke musu zafi, da kwashe dauɗar da ƙonewar fetur ko gas ke bari. Ƙasarmu kuwa ta haɗa masa abokan gaba biyu, zafin bazara da kan haura digiri 40 cikin Afrilu da Mayu, da ƙurar hunturu wadda ba ta rasa kafar shiga. Saboda haka wanda ya wuce kilomita 5,000 ko wata 6 bai yi juye ba, ya yi sakaci da dukiyarsa, alhali kuwa malamai sun lissafa kiyaye dukiya cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsare su.

Farkon aiki tanadi. A nemi mai irin wanda littafin motar ya ambata. Tsofaffin injuna a ƙasar zafi galibi 15W-40 ko 20W-50 suke sha, ƙaramar mota kamar Corolla wajen lita 4, Hilux mai gas kuwa tsakanin 6 da 7. Ina horonka, ya kai mai karatu, ka sayi wanda ke cikin galan ɗinsa a liƙe, ka ƙyale na kwalabe da ake jerawa a bakin hanya, gama wanda ba a san asalinsa ba, ba a san abin da aka gauraya masa ba. A tanadi sabuwar filta, da sabon zoben da ake sa wa notin juye, da sufana daidai kan notin, wadda a yawancin motocin Toyota lamba 14 ce, da daro, da mazurari, da tsumma.

Sa'an nan a zaɓi wuri mai tauri wanda ya daidaita. Wannan sharaɗi ne na rai, ba na ado ba, domin ƙasarmu rairayi ce, jak kuwa nutsewa yake a cikinta sannu a hankali har ya zame. A ja burkin hannu, a tokare tayoyin baya da duwatsu. Mota mai tsayi ba ta bukatar ɗagawa. In kuwa gajera ce, a shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin jak, bayan an ɗaga kuma a tallabe ta da ƙafafun ƙarfe ko gungumen icce mai ƙwari. Kada ɗan Adam ya kuskura ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A ta da injin ya yi kamar minti 5, yadda man zai yi ɗumi ya tsinke ba tare da ya kai ga ƙona hannu ba, sa'an nan a kashe. A buɗe murfin da ake zuba mai ta sama don iska ta sami hanya, a kwanta, a tura daro, a lalubi notin da ke gindin kaskon mai, wato karter. A nan a tabbata ba notin giya aka kama ba, domin a wasu motoci kusa da juna suke, wanda ya zubar da man giya bisa kuskure kuwa ya yi hasara biyu. A sassauta notin kaskon ta hagu da sufana, a ƙarasa da yatsu ana danna shi ciki har zarensa ya ƙare, kana a janye hannu da sauri. A bar man ya tsiyaye kamar rubu'in sa'a, kuma kada a ɓata wannan lokaci a banza, sai a dubi abin da ke zuba, gama shi ne shaidar da ba ta ƙarya game da halin injin. Baƙi wuluk ba aibu ba ne, musamman a motar gas. Amma in ya fito da launin shayi mai madara, ruwan lagireto ya sami hanyar shiga. In kuwa ana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe a gindin daro, wani abu na cin ɗan'uwansa a ciki. Waɗannan biyu sun fi ƙarfin mai mota, sai a kai wa bakanike.

Filta kuma a kwance ta, a duba ko robar bakinta ta biyo ta, don in ta maƙale aka ɗora sabuwa a kanta, man zai yi ambaliya da zarar an ta da injin. A shafa wa robar sabuwar ɗan sabon mai da yatsa, a murɗa ta da hannu har ta taɓa mazauninta, a ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye, a tsaya.

Mas'alar mai da noti ita ce inda na fi ganin ɓarna, kuma ba jahilci ke jawo ta ba, yawan himma ne. Mutum yana tsoron yoyo, sai ya sa bututu a ƙotar sufana ya taka da ƙafa, bai sani ba zaren kaskon ya fi na notin taushi, balle in kaskon na alminiyam ne. Ranar da zaren ya cinye, abin da sabon zobe na kuɗi kaɗan zai hana sai ya koma sauke kasko ɗungurungum. Ƙa'ida ita ce a goge notin, a sa masa sabon zobe, a fara murɗa shi da yatsu har ya zauna ba tare da gardama ba, sa'an nan a ƙarasa da sufana gwargwadon ƙarfin hannu ɗaya. Zoben ne ke toshe yoyo, ba ƙarfin damtse ba.

Daga nan a sauke motar, a zuba mai da mazurari, a rage kamar rabin lita, a ta da injin. Jar fitilar mai za ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan. In ba ta mutu ba, a kashe nan take. A leƙa ƙasa ko akwai ɗigo wajen noti da filta, a kashe, a dakata minti 5, a zaro sandar awo a goge, a mayar a sake zarowa, a cika har man ya kusa alamar sama amma bai haye ta ba, domin man da ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta hana ƙarfe gugar ƙarfe. A kakkaɓe filtar iska, a rubuta lambar kilomita da kwanan wata a ajiye cikin mota.

Shi kuwa kaskon, da yake yana cikin abin da ya fi kusa da ƙasa, shi ke shan dukan tudun da manyan motoci da amalanke kan bari a tsakiyar hanya bayan damina, da kututture, da duwatsun da ke gangarowa daga tsaunukan gefen kwarin Dallol Mawri. Na ƙarfe lotsawa yake, na alminiyam tsagewa. Kada a raina lotsawa don ba ta yoyo, gama rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta dab da gindin kaskon take, in gindin ya taso ya matse ta sai injin ya yi ta aiki da yunwar mai har ya buga. Mustahabbi ne ga mai bin hanyoyin daji ya sa a ɗaura masa farantin ƙarfe a ƙarƙashi, kuma kowace safiya kafin ya tashi ya dubi inda motar ta kwana. In gefen kaskon ke naso, a ɗaure ƙananan notocinsa sannu sannu, ɗaya nan ɗaya can daura da shi. In bai daina ba, a sauya gaskit. Wanda ya tsage kuwa, sai an sauke shi an wanke tas kafin mai walda ya kusance shi da wuta.

Saura tsohon man da ke cikin daro, wanda hakkinsa ya wuce mai motar zuwa maƙwabtansa. Muna zaune ne cikin Dallol Mawri, daga Matankari har Kore Mai Ruwa da Tibiri, inda a wurare da yawa ruwa ke kusa, rairayi kuma ba ya riƙe abin da aka zuba masa, sai ya miƙa shi ga rijiyoyin da mutane da dabbobi da lambuna ke sha. Haka kuma tsohon man ba magani ba ne ga gyambon jaki ko ƙurajen raƙumi, domin cike yake da garin ƙarfe da dafin ƙuna, kuma yawan taɓa fata yana da illa. A wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba. Ina roƙonka, ɗan'uwa, ka ɗura man cikin galan ɗin da sabon ya fito, ka rufe bakinsa, ka ajiye inda yara ba sa kaiwa, ranar da ka shiga Dutsi ka miƙa wa masu gareji.