Kalmar wannan fitowa: "Marsh ariyar"

'Yan uwa mazauna sansani, yawancinmu mun saba da kalmar "ribas" tun a gida Najeriya, wato direba ya koma da mota baya. A nan kuwa direbobin tankar ruwa da na motocin abinci da Faransanci suke magana, sai ka ji yaron mota ya ɗaga murya ya ce "marsh ariyar!" A rubuce "marche arrière" ce. "Marsh" tafiya ke nan, "ariyar" kuma baya. Ma'anarta dai mota za ta yi baya yanzun nan, duk wanda ke bayanta ya kauce.

Dalilin da ya sa muka zaɓi wannan kalma shi ne, direban babbar mota ba ya ganin abin da ke bayansa kai tsaye. Tanki ko akwatin kaya ya tare shi, madubi biyu na gefe kawai ya dogara da su. Tsakaninsu akwai wurin da idonsa ba ya kaiwa, wanda a Faransanci ake kira "angle mort". Yaron da ya durƙusa a nan yana tarar ruwan da ke ɗiga, ko yana tsintar hatsin da ya zube, a wurin direba kamar babu shi.

Alamomi uku ne ke nuna mota za ta yi baya:
1. Farar fitila ta kama a bayanta. Ja ta birki ce, fara ta ribas.
2. Ƙara mai yankewa tana maimaituwa. Amma ba kowace mota ke da ita ba, kada a tsaya jiranta.
3. Yaron mota ya sauko yana yi wa direba alama da hannu.

Da zarar an ga ɗaya daga ciki, a kama hannun yara a koma gefe. Jarka ko kwano idan ya faɗi, a bar shi sai mota ta tsaya. Kada a zauna a inuwar mota ko da a kashe take. A riƙe wannan ƙa'ida: in ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

Iyaye, ku koya wa yara kalmar nan kafin ranar rabon abinci mai zuwa. Wanda ya ga babbar mota tana baya cikin jama'a ba mai yi mata jagora, ya sanar da ofishin kariya.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu.