Shawarwari Ga Mai Zuwa Neman Aiki a Illela

Aiki a Illela iri biyu ne. Akwai na gwamnati, kamar Kwastam da Shige da Fice, wanda ake nema ta intanet. Akwai kuma na gidan mai, shagon POS, makarantar kuɗi ko ofishin ejan, inda za ka zauna gaba da gaba da mai wurin. Yawancin samarinmu na biyun suke samu.

1. Kada ka je ranar Lahadi, sai in mai wurin ne ya sa maka ranar. Kasuwa na ci, hankalin Alhaji na kara ko wajen lodin albasa, kuma wanda ya tare shi da maganar aiki ya riga ya nuna bai san garin ba.

2. Iyaye su duba takardun yaro tun kafin a kira shi. Sunan da ke kan NIN ya zama shi ne a sakamakon WAEC ko NECO, shi ne a takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma. A garin iyaka ana tsananta bincike kan wannan, don gidaje da yawa rabinsu na nan, rabi na Ƙonni ta Nijar. Abubakar a nan, Bubakar a can, ya isa a ce ka dawo gobe.

3. Ka iya lissafin sefa. Wannan ya fi babbar riga tasiri. Mutanen Nijar da dala suke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, don haka dala ashirin sefa 100 ke nan. Mai shago na iya jefo maka tambaya ba shiri: ga baƙo da sefa 10,000, nawa za ka karɓe ta a naira? Tambayi 'yan canji farashin ranar kafin ka fito daga gida. In kana jin Faransanci, ko na gaisuwa da ƙirga ne, faɗa. Ban ga dalilin da samari ke ɓoye wannan ba, alhali wanda ya zo daga Sakkwato da digiri ba lalle yana da shi ba.

4. Kaya masu tsabta, waya a kashe. Yi sallama, ka ce "ranka ya daɗe", ka jira a nuna maka wurin zama.

5. Tafi da sunan wanda zai tsaya maka, limamin unguwa ko tsohon maigidanka, amma ka nemi izininsa tukuna. Kafin ka iso an riga an tambayi ɗan gidan wa ne kai. Kada ka zagi inda ka baro. Wataƙila tsohon maigidanka da sabon tare suke sallar Juma'a.

6. Maganar albashi ta zo a ƙarshe, amma ta zo. An rufe iyakar nan a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Rufe iyaka kan tsayar da ciniki, don haka tambaya cikin ladabi: "Alhaji, in ciniki ya tsaya, yaya za mu yi?"

7. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo wa ɗanku gurbin Kwastam, ku riƙe tumakinku. Fom ɗin kyauta ake cike shi a shafin hukumar.