Hausar Kanikawa: Gyaran Yoyon Ruwa a Tsohuwar Mota

1.0 Gabatarwa

Hausar rukuni ita ce nau'in Hausar da masu sana'a ɗaya ko matsayi ɗaya suka keɓanta da ita. Wannan darasi zai nazarci Hausar kanikawa ta hanyar ɗaukar aiki guda, wato gyaran yoyon ruwan sanyaya inji. Manufa ita ce ɗalibi ya san kalmomin aikin da asalinsu, ya kuma iya jera su cikin rubutun bayani.

1.1 Aikin Ruwa a Inji

A Kebbe da Tambuwal, zafin bazara kan haura digiri 40, ga shi kuma jigilar 'yan kasuwa da amfanin gona ta dogara ƙwarai ga tsofaffin motoci. Famfon ruwa yana tura ruwa ya zagaya inji ya kwaso zafi, ya bi tiyo zuwa lagireto, inda fanka take sanyaya shi. Idan ruwan ya tsiyaye, inji zai yi zafi, gasket ya ƙone, ƙarshe inji ya buga.

1.2 Matakan Gyara

1. A kashe mota, a jira inji ya huce. Buɗe murfin lagireto da zafi kan sa tafasasshen ruwa ya feso a fuska.
2. A cika ruwa, a tayar da inji, a nemo inda yake ɗiga: tiyo, lagireto ko famfo.
3. Tiyon da ya tsage a sauya shi, a ɗaure kilif sosai.
4. Tsohon lagireto na tagulla akan kwance shi, a wanke tsatsa, a liƙe hujin da dalma. Cusa sabulu dabarar kan hanya ce kawai.
5. Idan ba a ga ɗiga ba, amma salansa na fitar da farin hayaƙi, man inji kuma ya koma kamar madara, to gasket ne ya ƙone.

1.3 Kalmomin Aro

Yawancin kalmomin nan na aro ne, sai dai Hausa ta yi musu kwaskwarima daidai da tsarin sautinta. A “lagireto”, /r/ ta farkon kalmar Turanci ta koma /l/. A “fambel”, wato igiyar da ke juya fanka, /n/ ta koma /m/ saboda nason /b/, aka kuma shafe /t/ ta ƙarshe. A “kilif” an saƙala wasalin /i/ don raba baƙaƙe biyu, /p/ ta koma /f/, kamar yadda Peugeot, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta zama “Fijo”. “Tiyo” kuwa daga Faransanci take. Sai dai “yoyo” da “tsatsa” da “murfi” daɗaɗɗun kalmomi ne da aka faɗaɗa ma'anarsu.

1.4 Kammalawa

A rubutun bayani, jerin matakai yana da muhimmanci kamar zaɓen kalmomi. Malamin da ya bar ɗalibi ya sa buɗe murfi gaban jiran inji ya huce ya amince da rubutun da zai iya ƙona mai karatu.

Jinga

1. Ziyarci garejin da ke kusa da ku, ka tattaro kalmomi 20 na kanikawa, ka bayyana sauyin sautin da ya auku a kowace.
2. Tsara darasin minti 40 kan rubutun bayani ga ɗaliban ƙaramar sakandare, ta amfani da matakan da ke 1.2.