Awon albarushi da harsashi

Kai da ka tashi a Bilma ka san awo. Gishirin Kalala da awo ake sayar da shi, dabino ma haka. To yau ga wani awo wanda kuskure a cikinsa ba asarar kuɗi ba ne, asarar hannu ne ko ido. Shi ne awon albarushi da harsashi.

A yammacin Amurka akwai wata dabba mai suna elk. Danginta ɗaya da barewa a kama, amma namijinta yakan kai kilo 300 har ya wuce, kusan nauyin jaki biyu ke nan. Ƙahonsa rassa-rassa ne kamar itace, kuma kowace shekara yana zubar da su. Da yawa cikin maharbanta ba sa sayen harsashi haɗaɗɗe. Sukan tara kwanson da suka harba, su sake ɗura shi da hannunsu a gida. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, ba da albarushi suke farawa ba. Da dabbar suke farawa. Tana da fata mai kauri da ƙashin kafaɗa mai ƙarfi, saboda haka sai su zaɓi harsashi mai nauyi, kamar giram 12, wanda ba ya tarwatsewa in ya bugi ƙashi. Bayan nan ne suke neman albarushin da ya dace da shi. Harsashi mai nauyi yana son albarushi mai ci a hankali, don ya tura shi sannu-sannu har ya fita bakin bindiga. In aka sa mai ci da sauri da yawa, ƙarfin ya taru wuri guda, sai ƙarfe ya ji jiki.

Kuma ba da ido suke awo ba. Suna da ɗan sikeli da littafi. Littafin ya faɗi inda za a fara da inda za a tsaya. Daga ƙasa ake farawa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ba a wuce iyaka.

Yanzu mu dawo gida. Bindigar maharbanmu ta gargajiya, wadda maƙeri ke ƙerawa, ta baki ake ɗura ta. Abincinta baƙin albarushi ne, mai hayaƙi, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri. Amma akwai albarushi na biyu, marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fito da shi a 1884. Shi ne ke cikin harsashin zamani. A ido ba ka rabe su sosai, domin shi ma sau da yawa baƙi-baƙi ne. A aiki kuwa ba su haɗa hanya ba. Ƙarfinsa ya fi abin da bindigar maƙeri za ta iya ɗauka. Ina yaro na san wani maharbi, maƙwabcin kawuna, da ya farke harsashin soja ya juye garinsa a tasa bindigar, wai don ta ƙara ƙarfi. Harbi ɗaya ya yi. Bindigar ta tsage, yatsu uku suka tafi. Har ya rasu da hagu yake cin tuwo.

Ko da baƙin albarushin ne, yawa ba shi ne ƙarfi ba. Tsofaffin maharba suna da ɗan ma'auninsu na ƙaho ko na kara, ba sa ƙetare shi. Ba sa zubawa kai tsaye daga gora, don ko akwai sauran wuta a ciki. Suna kuma danna dalma har ta zauna daram a kan albarushi, domin in an bar fili a tsakani, nan ne bindiga ke kumbura ko ta fashe. Masu cusa ƙusoshi da guntayen ƙarfe kuwa, ni dai ban kira su maharba ba. Dabba suke raunatawa, ta gudu ta mutu a banza bayan kwana uku.

Ita kanta dalma guba ce. Tana farfashewa cikin nama, wanda ya ci ya haɗiye, yara sun fi cutuwa da ita. Ungulun da ya ci mushen ma bai tsira ba. Shi ya sa jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma tun 2019, maharba suka koma na jan ƙarfe.

To, in ka ce me za a harba a nan? Tambayar ke nan. Mariri ya ƙare a daji, a shekarar 2000 aka tabbatar da haka, sai a 2016 aka sake sako waɗansu a ƙasar Cadi. Farar dabbar nan ta Tenere da Turawa ke kira addax, da aka yi ƙidayarta a yankin Termit a 2016 guda uku kawai aka gani. Su maharban elk, hukuma ke ba su takarda, ta faɗi wata, ta faɗi wuri, ta faɗi ko namiji ko mace. Mu ma a Nijar akwai dokar farauta ta 1998, akwai gandun Ayar da Tenere tun 1988, da na Termit da Tin Tumma tun 2012. Kafin ka auna albarushi, ka je wurin ma'aikatan gandun daji ka nemi takarda, ka karanta da kanka sunayen dabbobin da aka hana taɓawa.