Ƙafa tana raɗaɗi, amma ba ta jin ƙaya

Wata mai karatu daga Tibiri ta rubuto cewa tafin ƙafar mahaifiyarta yana raɗaɗi da dare har ya hana ta barci, amma kwanan baya ta taka ƙaya ba ta sani ba sai da aka ga jini. Paracetamol bai yi mata komai ba, maƙwabta kuma na cewa sanyi ne, ko ta tsallake wani abin da aka binne. Tana tambaya: yaya ƙafa ɗaya za ta yi zafi kuma ta mutu?

Sannu da jinya, ƴata, Allah ya ba Inna lafiya. Abin da kika faɗa ya yi kama da ciwon jijiya, ba jijiyar jini ba, jijiyar da ke kai saƙon taɓawa da zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Idan ta lalace sai ta zama kamar wayar lantarkin da ta saɓule: tana tartsatsi ba dalili, wutar da ake buƙata kuma ba ta isa. Shi ya sa Inna take jin zafin da babu rauni, ta kasa jin raunin da ke akwai. Ba ƙafar ce ta kumbura ba, don haka maganin ciwon jiki ba ya kama shi.

Kafin magani, a nemi sanadi. Mafi yawa ciwon suga ne da ya daɗe ba a gano ba, kuma yakan fara ne daga yatsun ƙafa biyu ya hauro. Akwai ƙarancin bitamin B12, akwai maganin tarin fuka mai suna isoniazid, wanda shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Akwai kuma kuturta, wadda ƙwayar cutarta jijiya take ci. Ki duba jikinta da rana: idan kin ga tabo mai haske wanda ba ta jin taɓawa a kansa, ku je asibitin Danja da ke wajen Jiratawa, sun daɗe a wannan aiki. Maganin kuturta kyauta ne, wata 6 ko 12, kuma ana warkewa. In babu tabo, ku fara da awon suga a asibitin garinku ko babban asibitin Maraɗi.

Likita yakan rubuta amitriptyline, ko gabapentin, ko pregabalin. Ana farawa da kaɗan, suna sa jiri da barci, kuma sai an yi makonni kafin a ji sauƙi, don haka kada ta yar bayan kwana 3. Don Allah ku guji tramol na masu talla, yana kama mutum ya kasa bari.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙafar kanta. Kada a gasa ta a garwashi, kada wanzami ya tsaga ta, domin miki a ƙafar mai suga yana iya kaiwa ga yankewa. Ta riƙa sa takalmi ko a tsakar gida, ku kaɗe shi kafin ta sa, ke kuma kullum da yamma ki duba mata tafin da tsakanin yatsu.