Darasi na 14: Fitila Mai Lilo a Goshin Jirgin Ƙasa

Jama'a, karatunmu na yau a kan fitilar jirgin ƙasa ne. Jirgin dā, mai cin kwal, tun daga nesa yake shelar kansa. Ga hayaƙi ya turnuƙe sama, ga huci. Da aka fito da kan jirgi mai shan man dizal, sai hayaƙi ya ragu, huci ya ɓace, amma gudu bai ragu ba. In dare ya yi, fitila ce babbar alamarsa.

To, fitila guda wadda ba ta motsi tana ruɗin ido. Mun san wutar makiyaya a daji. Mutum ya hango ta ya ce ga ta nan kusa, ya yi ta tafiya bai kai ba. Ruɗin fitilar jirgi ya fi wannan muni. Kana ganinta kamar tana tsaye can nesa, ashe jirgin ya kusa. Rayuka da yawa sun salwanta wajen ƙetare dogo saboda haka.

A birnin Shikago na ƙasar Amurka an yi wani ɗan kwana-kwana, sunansa Jerry Kennelly. Ya lura ido ya fi saurin kama abin da ke motsi. Sai ya ƙago fitila mai lilo, haskenta yana kai da kawowa kamar mai rubuta lamba 8. Aka sa mata suna Mars. An gwada ta a kan jirgin ƙasa a 1936, daga baya aka ɗora ta a goshin jiragen dizal masu yawa a ƙasar. Akwai wata irinta, Gyralite, wadda haskenta ke kewayawa. Mai mota ko mai tafiya a ƙasa, da ya ga haske yana sharar itatuwa da gidaje, ya san jirgi ne tafe.

Waɗansu an haɗa musu da jar fitila. In direba ya danna birki na gaggawa, sai jar ta kama, don jirgin da ke zuwa a dogon da ke kusa ya san akwai hatsari a gaba. Mu dai a ganinmu wannan ita ce dabarar da ta fi kyau.

Amma abin da ke motsi kullum ba ya rasa lalacewa, gyara kuma kuɗi ne. Sannu a hankali aka bar su. Daga ƙarshen 1997 dokar Amurka ta tilasta ƙarin fitilu ga jiragen da ke ratsa hanyar mota da gudu. Yawanci biyu ne a ƙasa, babbar a sama, kamar duwatsun murhu. Da su ido ya fi gane nisan jirgi.

Ku lura, fitila gargaɗi kawai take yi, ba ta tsai da jirgi. Jirgin kaya mai nauyi da ke gudun mil 55 a awa yakan ci mil guda ko fiye kafin ya tsaya, kuma ba shi da hanyar kaucewa. Mu da dogo ya ratsa gonakinmu, in mun hangi haske, mu tsaya, mu tare yara da dabbobi har ya wuce.

Yanzu kowa ya rubuta lamba 8 sau biyar, ya lura da yadda hannunsa ke tafiya. Sa'an nan ya amsa: don me aka sa jar fitila?