Ƙaramin Babur: Yadda Za A Gane Ciwonsa, A Kuma Ƙara Masa Ƙarfi

A wannan mako za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu yi magana a kan abin hawan da ya gaji jaki da keke a gidaje da yawa, watau ƙaramin babur. Shi ke kai taki gona, shi ke kai tumatir kasuwa, shi ke kai malamin ofis wurin aiki, in kuma ciwo ya kama yaro da tsakar dare shi za a tayar. Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya cikin watan Mayu na 2023, babur mai shan mai ya zama ɓarawon cikin gida. Saboda haka ya kamata kowane mai babur ya san abin da ke cikin dabbarsa.

Bari in fara da abin da ya same ni. Wata shekara da hunturu na fita rangadin gonakin rani, ina da alkawari da masu albasa za mu duba wata cuta da ta faɗa wa fadamarsu. Babur ya yi kwanaki yana nauyi, yana baƙin hayaƙi, na kai shi wurin wani makanike ya ce kafireta ce ta mutu, na biya aka sa sabuwa. Ran nan ya mutu mini a daji, na tura shi wajen kilomita 5 cikin rairayi, na isa bayan mutane sun watse. Da wani dattijo mai gyaran injin ban ruwa ya buɗe akwatin matatar iska, sai ga soson ciki ya toshe da ƙura kamar an yaɓe shi da laka. Ya wanke da kananzir, babur ya tashi bugu ɗaya. Kuɗin kafireta sun tafi a banza, albasar mutane kuma ta ƙara kwana bakwai ba magani. Ruwa ba ya tsami banza, amma sai an nemi dalili kafin a kashe kuɗi.

IRIN INJINKA

Da farko ka san irin injin da ka ke hawa, gama iri biyu ne. Akwai wanda a ke haɗa masa fetur da man inji, yana fid da shuɗin hayaƙi kaɗan, kamar tsohuwar Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946. Akwai kuma wanda baƙin mansa ke zaune daban a gindin inji, yana da bawul biyu, kamar Honda Super Cub da aka fara yi a Japan a 1958, wadda yawancin roba-roba na yanzu suka bi tsarin injinta. Ko wanne ne naka, abu huɗu ya ke bukata kafin ya tashi: mai, da iska, da wuta, da matsi. In babur ya ƙi tashi, lalle ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya yi ƙaranci. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da mai araha.

MAI

Buɗe tanki ka duba da idonka, kada ka amince da allurar geji. Sa'an nan ka tabbata makunnin mai a buɗe ya ke. A ƙarƙashin kafireta akwai ɗan kofi inda mai ke taruwa, da wata 'yar kusa a gindinsa. Tara gwangwani, ka kwance ta kaɗan. In mai ya zubo sosai, hanyarsa lafiya. In ya ɗiga kaɗan-kaɗan, tiyo ko matatar mai ta toshe. Duba abin da ya zubo: ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido. Wannan ya fi faruwa da damina, da kuma ga masu sayen man galan a bakin hanya. In dole ta sa ka saya, tace shi da ƙyalle mai tsabta.

Akwai wani ɗan rami a murfin tanki wanda iska ke shiga ta ciki. In ya toshe, babur ya kan yi tafiya kaɗan ya mutu, a huta ya tashi, ya sake mutuwa. In ka buɗe murfi ka ji ya ja iska, babur kuma ya warke, to ka kama ɓarawon.

ISKA

Mutane da yawa suna tsammani fetur kaɗai inji ke ci. Ba haka ba ne. A ma'aunin nauyi, kowane kashi 1 na fetur yana bukatar wajen kashi 15 na iska. Watau lita guda ta fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000, cikin ganga 45 ke nan. Duk wannan iska ta cikin soso ɗaya ta ke wucewa, a kan hanyoyinmu masu ƙura. In ya toshe, iska ta ragu, mai ya yi yawa, sai babur ya yi nauyi, ya yi baƙin hayaƙi, ya riƙa shan mai kamar rairayi.

In matatarka ta soso ce, wanke ta da kananzir, ka matse ba tare da murɗawa ba, ka bari ta bushe, ka ɗiga mata man inji kaɗan, ka sake matsewa. In ta takarda ce ba a wanke ta, sai a sake sabuwa. Da hunturu a duba ta kowane mako. Kada kuwa ka yarda wani ya ce a cire ta don babur ya yi gudu. Ƙura da mai in sun haɗu a cikin inji sun zama dutsen niƙa, su cinye ringi da fistin cikin 'yan watanni.

WUTA

Kwance fulogi, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da raminsa, ka riƙe ta wajen roba, ka buɗe makulli, ka buga kik. Wuta mai kyau shuɗiya ce, tana ƙara ƙas-ƙas. In ja ce mai rauni, ko babu sam, gwada sabon fulogi tukuna kafin ka zargi kwayil. Tazarar bakin fulogi a yawancin ƙananan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Ma'auninta ba shi da tsada, a saya a ajiye.

Fulogi kuwa shi ne mai ba da labarin abin da ke faruwa a ciki, kamar yadda ganyen masara ke nuna ko gona na son taki. Bayan tafiya mai ɗan nisa, a bar inji ya huce, a kwance a duba bakinsa:

1. In launinsa kamar na soyayyar gyaɗa ne, a bushe, inji yana lafiya, kada a taɓa kome.
2. In baƙi ne mai kunkunniya, a bushe, mai ya fi iska yawa. A duba matatar iska, a duba ko an manta cok a ja.
3. In baƙi ne mai danshin man inji, ringi ya ci, ko kuwa an cika man haɗi a fetur.
4. In fari ne fat kamar toka, mai ya yi kaɗan, inji yana zafi fiye da kima. Wannan ya fi sauran hatsari, gama yana iya huda fistin. A duba ko robar da ke tsakanin kafireta da inji ta tsage tana shan iska.

MATSI

In mai da iska da wuta duk sun samu amma babur ya ƙi, sai a gwada matsi. Kashe makulli, cire fulogi, toshe ramin da babban yatsa, wani ya buga kik. Inji mai lafiya zai ture yatsanka da ƙarfi. In ka ji iska kaɗan kawai, ko ringi ya ci ko bawul ba ya rufewa. Bawul yana da 'yar tazara da a ke sa masa, a yawancin injuna irin na Super Cub milimita 0.05 ce, ana kuwa aunawa inji na sanyi. In tazarar ta matse, babur ya kan yi wuyar tashi, ya rasa ƙarfi. In ta yi yawa, za ka ji kan inji yana ƙara kamar keken ɗinki. Wannan aikin makanike ne mai ma'auni, ba na mai kintace da kunne ba.

DAIDAITA KAFIRETA

Kada a taɓa kafireta sai an gama da matatar iska da fulogi da bawul, in ba haka ba gyaran banza ne. Tana da 'yan kusoshi biyu a gefe. Ɗaya ta silo ce, mai ɗaga ƙarar inji ko sauke ta. Ɗayar ita ke daidaita mai da iska sa'ad da ba a ja totur ba. Ga yadda a ke yi. A yi tafiyar minti 10 inji ya ɗumama. A ɗaure kusar haɗi a hankali har ta tsaya, ba da ƙarfi ba, don bakinta siriri ne yana lalacewa. A kwance ta zagaye ɗaya da rabi. A tayar da inji, a riƙa juya ta kaɗan-kaɗan, rubu'in zagaye gaba ko baya, ana saurare, har a sami wurin da inji ya fi sauri da daɗin ƙara. Sa'an nan a sauke silo har ya zauna ba ya mutuwa, ba ya kuma ihu.

In jet ya toshe, a wanke shi da fetur a hura masa iska. Kada a zura masa allura ko waya, gama ramin zai faɗaɗa, babur ya koma mashayi har abada. Wanda ya hau da baburinsa daga Kano zuwa Jos, inda tudu ya kai wajen mita 1,200, zai ji ƙarfinsa ya ɗan ragu, domin iskar can ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Wannan ba ciwo ba ne. Waɗansu sababbin babura kuma ba su da kafireta sam, famfo ne da na'ura ke fesa musu mai. Irin waɗannan ba su son batir mai rauni, ba a kuwa daidaita su da sukudireba.

BAƘIN MAI

Ƙaramin inji ba ya ɗaukar baƙin mai da yawa, galibi bai cika lita guda ba, ga zafin ƙasarmu, ga ƙura. Shawarata ga mai bin hanyar karkara ya juye shi kowane kilomita 1,000, inji da ɗumi, ya kuma duba sandar awo kowace safiya, babur a tsaye sosai. Mai Vespa ya auna man haɗi, kada ya zuba da ka. Yawancinsu kashi 2 cikin 100 su ke so, watau mililita 20 a kowace lita ta fetur, waɗansu tsofaffi ƙwarai kuwa kashi 5. In ya yi kaɗan inji ya kama, in ya yi yawa fulogi da salansa su toshe da gawayi.

ƘARFIN DA KE ƁATA A HANYA

Sau da yawa inji lafiyarsa lau, ƙarfin a ƙafafu ya ke zubewa. Kafa babur, ka juya kowace taya da hannu. In ta tsaya nan da nan, birki yana kamawa, sai a sassauta shi. Taya mai ƙarancin iska tana jan mai, tana kuma saurin faci. A auna ta da geji tana sanyi, wajen 25 a gaba, 29 zuwa 32 a baya gwargwadon kaya, ko abin da aka rubuta a jikin babur. Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa wajen santimita 2 a tsakiyarta, a wanke ta da kananzir a shafa mata mai. In haƙoran da ta ke bi sun yi tsini, a sake su tare da ita gaba ɗaya. Babur marar giya, mai tafiya da bel, in inji na ihu amma gudu bai ƙaru ba, bel ya ci ke nan, a sake shi tun bai tsinke a daji ba.

Mai yawan ɗaukar kaya yana iya sa faifan haƙoran baya wanda ya fi na asali da haƙori biyu ko uku. Babur zai fi jan kaya a tudu da rairayi, amma gudunsa a kwalta zai ragu. Ba a samun biyun tare.

DABARUN BANZA

Samari su kan huda salansa, su ce ƙarfi ya ƙaru. Ƙara ce ta ƙaru. A injin haɗin mai ma ƙarfi raguwa ya ke yi, domin an ƙera salansar ne daidai da numfashin injin. Haka nan sa babban jet ba tare da dalili ba, asarar mai ce kawai. Injin cc 100 ko 110 ƙarfin doki 7 ne zuwa 8, ba kuwa wata dabara da za ta mai da shi a-kori-kura. Wanda ya ɗora buhun taki uku masu kilo 50, ya hau, ya goya ɗansa, ya wuce abin da aka yi babur dominsa. Kuloci zai ƙone, birki ba zai kama ba. Sawu biyu ya fi kwanan asibiti araha.

GARGAƊI

Kada a yi aikin fetur kusa da murhu, ko fitilar kwai, ko mai shan taba. Kada a bar inji yana aiki a cikin ɗaki ko shago a rufe, gama hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. In an ƙara wa babur lafiya, a fara gyara birki, a kuma sa hular kwano.

To, jama'a, ga abin da na ke roƙo. Kowace Juma'a da safe, ko ranar da ba ku zuwa gona, ku ba babur rabin sa'a: baƙin mai, matatar iska, fulogi, sarƙa, taya, birki, da notocin da suka kwance. Ku ajiye sifanar fulogi, da fulogi guda sabo, da sukudireba, da filaya a ƙarƙashin sirdi. Ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta litar da kuka sha da kilomitar da kuka yi, domin ranar da lissafi ya canja, ciwo ya shigo ke nan tun kafin kunne ya ji. In an kai ga makanike, a gaya masa abin da aka riga aka gwada, a kuma karɓi tsohon kayan da ya cire. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba injin ban ruwa, wanda ciwonsa da na babur kusan ɗaya ne. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye hanya.